Shafukan Mai Jan Biro

Ba wanda ya riƙe ranar da aka fara kiransa Kwafi-Nawa, amma kowa ya san dalili. Duk wanda ya ɗaga labulen shagonsa da takarda a hannu, kafin ya rufe baki daga gaisuwa zai ji an ce masa, "Kwafi nawa?" Har ranar da surukinsa ya kawo masa takardar asibiti don ya gani ya jajanta masa, abin da ya fara fita daga bakinsa ke nan. Surukin ya yi wata biyu yana fushi, sunan kuwa ya zauna daram.

Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene, yana kallon ofishin ilimi, mai gyaran takalmi a hagu, mai sayar da kayan lantarki a dama. A ciki akwai injin kwafi mai nishi kamar tsoho ya hau matakala, da kwamfuta ɗaya, da firinta, da benci na mutum uku wanda malamai biyar ke matsuwa a kai lokacin jarrabawa. Malamai su ne rabin rayuwarsa. Su ke kawo masa tambayoyi a bayan tsohuwar kalanda, da rubutun da su kansu sai sun ƙanƙance ido suke gane shi, su ce a buga yanzu-yanzu don tun jiya ake jira.

Ya gama sakandare da irin sakamakon nan da ba ya kai mutum ko'ina, ba ya kuma sa a yi masa dariya. Ya koyi tafireta a barandar kotu wajen wani dattijo mai saurin fushi, ya yi shekara goma sha biyu yana buga ƙorafe-ƙorafen mutane, har kwamfuta ta zo ta kori tafireta. Dattijon ya tattara ya koma gida, shi kuma ya bi kwamfuta. Aibinsa ɗaya ne, in ma aibi ne: ba ya iya buga takarda bai karanta ta ba. Dattijon ya sha dukan teburi yana cewa mai buga takarda yatsu ne kawai, ba ruwansa da abin da ke ciki. Bai ji ba. Ta haka ya san sunayen ƙasusuwan hannu, ya san abin da ke sa wata ya yi duhu, ya san yadda tsiro ke shan ruwa, duk rabi-rabi, daidai inda takardar mai ita ta ƙare. Rubutun hannu kuwa, in ya gan shi sau ɗaya, ko bayan shekara biyar zai gaya maka na wane ne.

'Ya'yansa biyar. Huɗun farko sun ratsa firamare ba wanda ya ji motsinsu. Sai Auta. Shekararta tara, bakinta ya fi na kowa kaifi a gidan, in aka aike ta da saƙo bakwai ba ta zubar da ko ɗaya a hanya. Amma a ajiye mata takarda a gaba, sai ta yi tsit, ta fara murza gefen riga. Ta ce haruffan ba sa tsayawa wuri ɗaya, tana kama wannan sai na ƙasa ya hau kansa. Shekara guda cur ta yi tana ruɗin malamarta, don ta haddace littafin karatun aji biyu daga bango zuwa bango. Sai da aka canza littafi asiri ya tonu, aka ce ta maimaita ajin.

A ƙarshen zangon farko na shekarar maimaicin, shugabar makarantar ta aika a kira shi. Mace ce mai kirki, wadda ɗalibai ɗari takwas suka koya wa gajarta magana.

"Baban Auta, ba zan ɓoye maka ba. A nan ba a zama aji ɗaya sau uku. Ƙarshen shekara zan zaunar da ita a ofishin nan, in ba ta layi goma daga littafin da ba ta taɓa gani ba. In ta karanta, ta wuce aji uku. In ba ta karanta ba, sai ku nema mata wani abin."

"Ranki ya daɗe, wani abin kamar me?"

Ta dube shi, ta jawo ɗaya daga tarin fayilolin da ke kan teburinta ta buɗe.

Matarsa tela ce, a gida take ɗinki. Da ya gaya mata, ba ta ɗaga ƙafa daga kan keke ba, ta ce, "In an cire ta, ga keke nan. Ni aji nawa na yi? Ba ga ni ba?" Ya san ba rashin so ne ya sa ta faɗi haka ba, don ita ke wanke rigar matashin da Auta ke jiƙawa da hawaye. Amma shi da ya ci abinci da takarda tun yana saurayi, sai ya ji kamar an ce a rufe wa 'yarsa ƙofar gidansa. Ranar bai iya cin abin kirki ba.

Rumbu kuwa ta hannun Malam Gaggawa ya san shi. Malam Gaggawa malamin kimiyya ne a sakandaren bayan layi, ba a taɓa ganinsa zaune a bencin nan ba, kullum ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Rumbu shi ne sunan da malamai suka sa wa wani shafi na intanet inda suke ɗora darussa da zane-zane da tambayoyi, wanda ya ga dama ya sauke kyauta. Da yake Malam Gaggawa ba shi da lokacin nema da kansa, sai ya ba Kwafi-Nawa sunansa da kalmar sirrinsa ta shiga, ya riƙa leƙo kai yana cewa, "A samo min wani abu kan zagayen jini, aji biyu, kafin a kaɗa ƙararrawa."

A nan ya gane yadda abin yake. Kowane fayil a rumbun yana da 'yan kalmomi da aka liƙa masa a ƙasa, matasa na ce musu tag, shi kuwa laƙabi yake cewa. Ka rubuta "jini" a gurbin nema, duk fayil mai wannan laƙabi ya fito ya jeru. Ka ƙara "aji biyu", su ragu. Ka ƙara "zane", su koma biyar, ka zaɓi wanda ya yi maka. Abin ya burge shi ƙwarai, don ya yi shekaru yana kallon malami na gumi kan darasin da wani malami, a makarantar tsallaken titi, ya kawo aka buga jiya.

Sai dai can ƙasan shafin akwai wani sashe da ba mai shiga. Wai lokacin da aka buɗe rumbun, makarantu sun kwaso tsofaffin takardunsu buhu-buhu, an ɗauki hotonsu shafi-shafi an zuba a ciki, ba sunan mai su, ba laƙabi, sai dogayen lambobi. Sun haura dubu goma sha ɗaya. Da yake hotunan rubutun hannu ne, gurbin nema ba ya ganin abin da ke cikinsu, don haka suna nan kamar babu su. Kwafi-Nawa ya sa musu suna marayu. To, mutumin da ba ya iya ganin takarda ɗaya ya wuce, me kake tsammani zai yi da dubu goma sha ɗaya? Tsakanin ƙarfe goma da sha biyu, lokacin da malamai ke aji kuma shago ya yi shiru, sai ya riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, don kawai ya ga abin da ke ciki.

A sati na uku ya ci karo da shafin. Rubutu ne tsaf, harafi-harafi kamar na inji, irin hannun malaman ƙananan azuzuwa, da jan biro, da lamba biyu a cikin da'ira a kusurwar sama. Layin farko ya ce, "Yaron da ya ce haruffa na motsi ba ƙarya yake ba, kuma ba daƙiƙi ba ne. Shafin ne ya yi masa yawa." Daga nan aka yi bayanin yadda za a samu kwali, a yanka masa 'yar taga mai faɗin yatsa biyu, a ɗora a kan littafi yadda ba abin da zai bayyana sai gaɓa ɗaya ta kalma. A bar yaro ya ja kwalin da hannunsa, kada babba ya ja masa.

Ya karanta sau uku. Ya tashi ya yage murfin kwalin takardun kwafi, ya aro reza wajen mai gyaran takalmi.

Da yamma Auta ta ja kwalin a kan layi ɗaya. Minti shida ta yi kafin ta kai ƙarshe, ta ɗago kai ta ce, "Baba, sun tsaya." Ya miƙe ya fita, wai zai duba ko an rufe famfo.

To, shafi na biyu ke nan. Ina na ɗaya? Ina na uku? Nawa ne ma gaba ɗaya? Ba hanyar sani sai buɗewa, sai ya duƙufa ba ji ba gani. Don kada ya riƙa buɗe abu ɗaya sau biyu, duk marayan da ya buɗe sai ya liƙa masa laƙabi, saboda fayil na samun laƙabi yake barin sashen marayu ya shiga cikin jama'a. Da farko irin na kowa yake sawa: fanni, aji, batu. Amma shekarun da ya yi yana sauraron malamai sun koya masa cewa ba malamin da ke ɗaga labule ya ce yana neman "lissafi, aji huɗu". Cewa yake alli ya ƙare. Cewa yake yara casa'in ne a ajin. Cewa yake ana ruwa, kwano na ƙara, ba mai jin muryarsa. Sai ya fara ƙarawa da nasa: "babu alli", "aji mai cunkoso", "ranar ruwa", "saura minti goma", "sufeto zai zo gobe". Wani mai ilimi ya rubuta a ƙasa cewa wannan wasa ne da aikin koyarwa, sufeto ba fanni ba ne. Bayan wata guda aka duba, "sufeto zai zo gobe" ya fi kowane laƙabi a rumbun yawan masu dannawa. Mai ilimin bai ƙara cewa uffan ba, kuma ba wanda zai rantse cewa shi ma bai danna ba.

Cikin wata biyu ya buɗe marayu kusan dubu biyu, ya samu shafi na ɗaya, na uku, na huɗu, da na bakwai. Ya buga su ya haɗe su da allurar haɗa takardu, ya riƙa juya su kamar mai neman sawun ɓarawo. Wane ne wannan mai jan biro? Akwai zagayen gindin kofi a shafi na huɗu. Akwai rana da wata a saman kowane shafi, babu shekara. Wutsiyar haruffan na karkata hagu, don haka ya yanke cewa bahago ne.

"Bahaguwa dai," in ji matarsa. "Namiji ba ya auna abu da faɗin yatsa. Da namiji ne, da ya ce a nemo rula, sannan a tsaya neman wanda ya ɗauke rular."

"Dattijon da ya koya min tafireta da yatsa yake auna gefen takarda."

"Shi ya sa takardunsa suka karkace har aka kore shi."

Ba su taɓa raba wannan gardamar ba. Abin da suka yarda da shi su biyun shi ne, duk shafukan a kan yarinya ɗaya aka rubuta su, don kowanne yana ƙarewa da ɗan layi, kamar "Yau ta yi kalma huɗu" ko "Yau ta gaji, mun tsaya."

Sai ya tafka kuskure. Shafi na huɗu ya ce a faɗaɗa tagar ta ɗauki kalma ɗaya, Auta kuwa ta iya wannan har tana hamma. Na biyar da na shida babu su. Na bakwai ya ce kalma uku, a kuma yanke gefen kwalin na ƙasa. Ya ce a ransa, me zai hana, ai yarinyar tana da kai. Ya yanka. Auta ta ɗora kwalin, ta duba, ta sake dubawa.

"Ka ce sun daina motsi."

"Gwada dai, Auta, sannu-sannu."

"Ka ce sun daina."

Ta tura littafin ƙarƙashin gado, ta yi kwana huɗu ko kallon kwali ba ta yi. Matarsa ta ci gaba da taka kekenta, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya lissafa a ransa: saura marayu dubu tara, saura wata huɗu a rufe shekara. Ko zai rufe shago ya zauna a kansu, ba zai ƙure su ba.

A haka Malam Gaggawa ya leƙo ya same shi, ya yi tagumi a gaban kwamfuta. Da ya ji labarin sai ya shigo da ɗaya ƙafar, ya zauna a benci. Mai gyaran takalmi har leƙowa ya yi ya ga ko lafiya.

"Nuna min shafukan. Wane laƙabi ka sa musu?"

"Ga shi nan. 'Na Auta.'"

"Wace ce Auta?"

"Haba Malam, 'yata mana."

"Ni na sani. Malamar da ke can wani gari da ni da kai ba mu taɓa jin sunansa ba fa, ta san Auta? Ka yi wa duniya laƙabi mai kyau, da ka zo kan naka sai ka kulle shi a aljihu. Ba don wanda ya san abu ake sa laƙabi ba, Malam Kwafi, don wanda bai taɓa ganinsa ba ake sawa. Ka sa abin da ido zai gani, da abin da baki zai faɗa."

Kunya ta kama shi, don gaskiya ce tsagwaronta. Ya goge "na Auta", ya sa "jan biro", ya sa "tagar kwali", ya sa "haruffa na motsi". Malam Gaggawa ya miƙe tsaye, don a zaune maganarsa ba ta fita, ya faɗi layi uku Kwafi-Nawa ya buga a wurin da malamai ke barin saƙo: duk wanda ya buɗe maraya ya ga jan biro da lamba a cikin da'ira, don Allah ya liƙa masa "jan biro", akwai yarinyar da ke jira.

Satin farko abin dariya ya zama. Ashe rabin malaman duniya da jan biro suke rubutu. Aka liƙa laƙabin a jerin makin jarrabawa, aka liƙa a zanen zuciya, aka liƙa a wasiƙar gargaɗi ga wani maigadi mai barci a bakin aiki, wadda Kwafi-Nawa ya karanta har ƙarshe don ya ji ko an kore shi. Kowanne kallo ɗaya yake yi masa ya san ba hannun ba ne, ya cire laƙabin, ya sa wanda ya dace. A sati na biyu na shida ya fito. Bayan kwana uku na biyar ya biyo shi, aka koma baya aka ɗora daga inda ya kamata, Auta ta huce.

Abin da bai zata ba shi ne "haruffa na motsi". Ashe malamai sun daɗe suna rubuta waɗannan kalmomin a gurbin nema, yadda yaransu ke faɗa musu, suna tashi hannu wofi. Yanzu da suka rubuta sai shafukan suka fito. Wata ta rubuta a ƙasa cewa tana da biyu irin wannan a ajinta. Wani ya ce nasa ya kai aji biyar ana kiransa daƙiƙi. Su ma sai suka shiga neman sauran shafukan ruwa a jallo, kuma duk marayan da suka buɗe suka ga ba shi ba ne, sai su sa masa laƙabi kafin su rufe. Dubu tara ta koma shida, ta koma huɗu. Bai san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, sai guntayen sunayen da suke shiga da su. Akwai wanda kullum laƙabinsa ke zuwa da kuskuren bugu, ya ƙaddara mai manyan yatsu ne a kan ƙaramar waya, ya riƙa bin bayansa yana gyara masa ba tare da ya gaya masa ba.

Na takwas ya zo, na tara, na sha ɗaya kafin na goma. Wannan karon ya jira na goman. Taga ta riƙa faɗaɗa. Wata rana matarsa ta tsaya a kansa yana fama da reza, ta ce, "Ba ni nan, kai layi ma ba ka iya yankawa ba." Ta auna da tef ɗin ɗinki, ta yanka da almakashinta wanda ko Auta ba a yarda ta taɓa ba. Daga ranar yankan taga ya zama nata, kuma maganar keke ba ta sake tasowa ba.

Shafi na sha uku ya ce a buɗe tagar ta ɗauki layi guda cikakke. Auta ta iya. Da kwalinta a hannu tana tafiya layi bayan layi, a hankali amma ba ta faɗuwa. Ya je wajen shugaba ya tambaya ko za a bar ta ta shiga ofis da kwalin.

"Baban Auta, littafi kawai zan ba ta. A aji uku daga allo ake kwafa, kwali ba ya hawa allo."

Ya gwada sau ɗaya ya ce wa Auta ta ajiye kwalin, ta ƙanƙame shi a ƙirji, ya yi maza ya janye maganar. Ya riga ya ƙone sau ɗaya, ba zai sake tsallaka shafi ba. Lallai mai jan biro ya san yadda ake raba yaro da kwalin, yana nan a shafi na gaba. Sai dai shafin ya ƙi fitowa. Sati uku shiru. Marayu suka ragu zuwa 'yan ɗaruruwa, kullum yana buɗe laƙabin "jan biro" kafin ya kunna injin kwafi, kullum sha uku ne.

Saura kwana tara a yi gwajin, shafin ya fito. La'asar ce ta lokacin jarrabawa, malamai biyar a benci, Malam Gaggawa a bakin ƙofa, injin kwafi na nishi. Auta ta biyo ta shago daga makaranta, ta cusa jakarta ƙarƙashin benci, ta tsaya wajen firinta tana kwashe takardu tana miƙa wa masu su. Yana cikin nemo wa wani malami taswira sai ya ga an liƙa "jan biro" a sabon fayil. Ya buɗe, ya ga da'irar, ya ga sha huɗu. Wata malama tana ta kiransa kan shafinta da ya fito a karkace, sai ya danna a buga, ya juya wajenta bai karanta ba.

Yana gyara mata takardar a kan gilashin inji ya ji muryar Auta a bayansa, ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana tafiya.

"Yau... yarin-yar ba ta zo ba. An ce... an cire ta. Mun tsaya a layi guda. Ban san abin da ke... gaba ba, don ban taɓa wuce nan da kowa ba. Wanda ya wuce, ya ru-buta."

Ya juyo. Takardar na hannunta, yatsanta a ƙarƙashin layi na ƙarshe. Jakar tana can ƙarƙashin benci, a bayan ƙafafun malamai, kwalin yana ciki.

"Baba, wa aka cire?"

Abu biyu suka faɗo masa lokaci ɗaya, bai san wanda zai fara riƙewa ba: babu shafi na sha biyar, kuma 'yarsa ta karanta layi biyar da idonta tsirara. Murna ta cika masa ƙirji, baƙin ciki ya hau kanta.

"Wata yarinya ce, tun da daɗewa."

"Ba ta iya ba ne?"

"Ta kusa."

"Ni ma za a cire ni?"

Malamar mai shafi a karkace ce ta miƙa wa Auta takardar tambayoyinta ta ce, "Zo nan, 'yata, karanta min ta farko, in ji ko babanki ya buga daidai." Auta ta karanta. Aka ba ta ta biyu. Malamai biyar suka yi ta miƙa mata takardu, ba wanda ya tuna ana jiransa.

Ranar gwajin Auta ta shiga ofis da kwalin a aljihu, hannunta ɗaya a kansa, ba ta fito da shi ba. Ta yi tuntuɓe a kalma uku, ta yi minti goma sha ɗaya a layi goma. Shugaba ta duba agogo sau biyu a farko, daga baya ta daina dubawa. Da aka gama ta rufe littafin ta ce, "Aji uku." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Shafi na sha biyar kuwa sati biyu ya ɗauke shi. Shekara talatin yana buga maganar mutane, bai taɓa zama ya rubuta tasa ba, ashe abin da wuya. Ya yaga takarda ta fi goma. A ƙarshe layi huɗu ya samu, da hannunsa, da shuɗin biro: ba mu raba ta da kwalin ba, ita ta manta da shi, ranar da son jin abin da takarda ta ce ya fi ƙarfin tsoronta. A ba yaro takardar da ta shafe shi. Kada a tsallaka shafi. Ta wuce aji uku. Ya ɗauki hotonsa ya ɗora, ya liƙa masa "jan biro" duk da ba ja ba ne, don a same shi tare da 'yan'uwansa. Ya yi ta sa rai mai hannun zai gani ya yi magana. Har yau bai yi ba.

Yana nan a shagon. Marayu sun ƙare, amma sababbin fayiloli na shigowa kullum da laƙabin da ba ya kai kowa ko'ina, yana bin su tsakanin goma da sha biyu. Kwanan baya wata mata ta shigo, za ta yi shekara talatin da 'yan kai, da takarda daga makarantar ɗanta.

"Malam, na manta tabarauna a gida. Ka ɗan karanta min."

Ya ji wannan maganar ta fi sau ɗari a rayuwarsa bai taɓa kawo komai a ransa ba. Wannan karon ya dubi karan hancinta, ba alamar ya taɓa ɗaukar tabarau. Ya juya takardar ta fuskance ta, ya sa yatsa a ƙarƙashin layi, ya karanta a hankali: taron iyaye ne, ranar Laraba, ƙarfe goma. Ita kuwa bango take kallo.

"Ki yi haƙuri da tambaya. Da kina makaranta, kin taɓa samun malami mai rubutu da jan biro?"

Ta yi dariya. "Ai dukkansu jan biro gare su. Ni dai aji biyu na tsaya." Ta miƙa hannu za ta karɓi takardar, sai ta fasa. "Sake karanta min ranar, kada in manta."

Ya sake karanta mata.